Ranar da Katafilata Ta Iso Unguwa

Kowane magidanci da ƙofar da kuɗinsa ke bi su fice. Wani tattabaru ne, wani dokin hawan sallah, wani kuma gidan kallon ƙwallo. Ni tawa jarabar manyan injinan gini ce: katafila, gireda, tifa da injin haƙa. Ina da su kuwa, a jere cikin kabad ɗin falo, domin duk cikinsu babu wanda ba zan ɗauka da hannu ɗaya ba.

Ciwon ya kama ni tun ƙuruciya, lokacin da ake shimfiɗa kwalta a garinmu. Mukan sulale daga makarantar allo mu je kallon katafila tana ture tudu, mu dawo mu ƙera tamu da karan dawa da gwangwanin madara, a yanka tsohon silifas a yi taya. Na girma, na yi iyali, furfura ta fara leƙowa, sai wata rana na ga 'yar ƙaramar gireda ta ƙarfe a kan teburin wani injiniya. Tsohon ciwo ya tashi.

Ashe duniya ce guda mai mutanenta. A Jamus akwai kamfanonin da suka shahara da wannan sana'a, irin su Conrad da kuma NZG, wanda aka kafa a Nuremberg a 1968. Masu ƙera manyan injina ne ke ba su aiki su fitar da samfuri don rabawa abokan ciniki, tunda ba a saka tifa a jaka a kai wa mai saye ya gani. Ana narkar da haɗin ƙarfe mai yawan tutiya a zuba a mazubi, a fitar da kowane sashe daban, a yi fenti, a harhaɗa. Ma'aunin da ya fi yawa a wannan fanni shi ne 1:50, wato santimita 1 a hannunka na wakiltar santimita 50 a jikin injin gaske. A baje kolin Bauma, wanda aka fara a Munich a 1954 kuma ake yi duk bayan shekara 3, dattawa masu tumbi kan yi layi don sayen waɗannan 'yan injina. Jin haka ya kwantar mini da hankali, na san haukan ba ni kaɗai ya kama ba.

Burina shi ne D11, babbar katafilar kamfanin Caterpillar da ta fito a 1986. Ta zamanin nan nauyinta ya haura tan 100, ƙarfinta na doki 850 ne, aikinta a manyan wuraren haƙar ma'adinai. Na yi ta tari a ɓoye har kuɗin suka cika, wani ɗan'uwa da ke zaune a Turai ya saya mini samfurinta, ya haɗo da kayan wani ɗan kasuwa.

Ina zaune a teburin mai shayi da daddare, majalisa ta cika, sai waya ta shigo. Ni kuma Allah bai hore mini ƙaramar murya ba.

"To, katafilar ta sauka Legas? Alhamdu lillahi! Don Allah a bi ta a hankali, kada a karce mata fenti."

Na kashe waya, na ji wurin ya yi tsit. Mai shayi, wanda tun watan jiya yake tuna mini bashin ƙwai, ya ƙara mini madara ban roƙa ba. Kalma biyu za ta warware komai a daren nan. Amma madarar ta yi daɗi, kallon da ake mini ya fi ta daɗi, sai na gyara zaman hula na ci gaba da kurɓa.

Kafin gari ya waye na zama Alhaji, alhali ko sansanin alhazai ban taɓa kwana ba. A masallaci aka buɗa mini sahun gaba. Wani matashi ya kawo mini takardunsa yana neman aikin direba. Ƙanin uwargida, wanda rabonsa da gidana tun bikin suna, ya zo gaisuwa da ledar lemo da kuma 'yar buƙata ta jari. Daga nan sai ga Mai Unguwa da kansa, da Liman, da dattawa.

Layinmu yana da wani rami wanda in damina ta sauka, agwagi ke iyo a ciki, masu babur kuma su sauke fasinja tun daga bakin titi. Mai Unguwa ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, mun ji abin alherin da Allah Ya yi maka. Mun daɗe muna kai kuka ba a ji ba, ashe maganin yana cikin gida. In ta iso, a fara da ramin nan."

Na ce, "Allah Ya kawo ta lafiya, ranka ya daɗe."

Liman ya shafa fatiha. Ni dai har ga Allah ban faɗi abin da ba haka ba, addu'a na yi.

Shiri ya kankama. Aka roƙi filin makarantar firamare don ajiye ta. Matasa suka matsar da rumfar mai tireda saboda tirela ta samu hanyar juyawa. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini, kullum da niyyar gobe zan yi bayani, goben kuma ta zo da sabon mai gaisuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, to ramin shiru ma bai fi shi tsawo ba.

Ran Asabar da hantsi direban motar kaya ya bugo ya ce saƙo ya iso tasha, ya ba mai babur. Wani yaro ya ji, ya ruga da labari. Kafin ka ce kwabo ƙofar gidana ta cika, har da mata a soro ana shirin guɗa. Kowa ya zuba ido bakin titi yana jiran ƙura da rugugi. Sai ga babur ya kutso, da kwali ɗaure da roba a bayansa.

"Waye mai katafila?"

Aka nuna ni da hannu goma. Na sa hannu a takarda, na buɗe kwali, na zaro akwatin gwangwani, na ɗaga murfi.

Ko a wannan hali sai da kyanta ya ratsa ni. Rawaya shar, tsawonta ya ɗan ɗara taƙi, ga nauyi a tafin hannu. Sarƙar ƙafarta ƙarfe ce, gaɓa-gaɓa, tana juyawa in ka tura. Garmar gaba tana hawa tana sauka, ƙugiyar baya mai tsaga dutse tana motsi, ga 'yan matakala da makari sirara, har da ɗan direba zaune a ciki da hular kwano. Na ɗago kai don in nuna wa jama'a wannan gwaninta, sai na ga babu mai kallon gwaninta.

Wani tsoho ya matso, ya gyara tabarau, ya ce, "Malam, wannan 'yar ce? Uwar tana tafe a baya?"

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Malamin lissafi na layinmu, wanda ban taɓa yi wa laifi ba, ya tsuguna ya zana a ƙasa: 50 sau 50 sau 50. Ya sanar da jama'a cewa ƙasar da babbar ke turawa a tashi ɗaya, tawa sai ta yi sawu 125,000, kuma da hannu ake tura ta. Mai shayi ya ce a tuna masa da kuɗin madara.

Mai Unguwa bai yi dariya ba, hukunci ya yanke. Ya ce tunda jama'a ta taru, kuma an riga an shafa fatiha a kan ramin, yau za a yi aikin gayya, mai katafila ne zai jagoranta. Na sayi tifar marmara da sauran albashina, aka miƙo mini shebur. Har la'asar ina kwasa, yara na bina a baya suna kwaikwayon ƙarar inji.

A cikin gida wata shari'ar ke jira. Uwargida ta tsinci rasit a ƙasan kwali, ta sa ɗanmu ya juya mata kuɗin zuwa naira, ta auna da farashin buhun shinkafa. Ta dube ni ta ce, "Malam, ita za mu dafa?" Na shiga yi mata bayanin cewa masu tarawa suna adana har akwatin, domin samfurin da ya rabu da akwatinsa darajarsa faɗuwa take. Ta ce ta gane. Yanzu allura da zare da maɓallai ne a cikin akwatin. Daga baya ta gano inda burushin kwalliyarta ke zuwa duk lokacin hunturu, don da shi nake kaɗe ƙura daga tsakanin gaɓoɓin sarƙa. Shi ma na biya.

Ramin dai ya cike, damina ta zo ta wuce babur na shiga har ƙarshen layi. An sauke mini Alhaji, an ba ni Sarkin Katafila, kuma duk wanda zai yi kwatancen gida a unguwar da ƙofata yake farawa. Masu wannan sha'awa irin tawa, ku ci gaba da tara kayanku, ba haramun ba ne. Amma in za ku amsa waya a majalisa, ku fara faɗin 1:50 da babbar murya kafin ku ambaci katafila, ko kuma ku tanadi shebur mai ƙwari.