Zuwa Ga Bazazzagi, Sarkin Barcin Mota

Malam Bazazzagi, bawana na gado, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka zo ka cire takalmi ka gaishe ni. Labari ya iso mini wai ka baje a teburin mai shayi a Tudun Wadar Zariya kana shaida wa jama'a cewa Kano ba ta da abin kallo, daga kasuwa sai ƙura sai hayaƙin A Daidaita Sahu. Wai ku ne da Kufena, ku ne da Turunku, mu kuwa Dala kawai gare mu, shi ma mun shaƙe shi da gidaje.

Ban ga laifinka ba. Mutumin da zai shiga mota a Kwangila, kafin a kai Tashar Yari ya hangame baki yana minshari, ba zai farka ba sai ɗan kamasho ya daki jikin mota a tashar Unguwa Uku, me ake so ya gani? Daga nan ka wuce Kwari, ka gajiyar da mai shago da tayi a kan atamfa turmi ɗaya, ka dawo ka ci gaba da barcinka daga inda ka tsaya. Iyakar Kanonka ke nan: 'Yan Awaki, Gyadi-Gyadi, gadar Dangi. Abin da kake rantsuwa babu shi kuwa yana nan dama da hagu a kan titin da kake sharar barci, tun daga Kwanar Dangora.

Mu fara da Bebeji, don akwai tsohon bashi tsakaninmu a can. Ranar 29 ga Janairun 1903 Kanar Morland ya ɗaura damarar cin Kano da soja sama da 700 da manyan igwa. Daga ina ya taso? Kada ka sunkuyar da kai, daga garinku. Tun 1902 Turawa suka sauke kaya a Zariya, bayan Sarki Kwasau ya nemi su kare shi daga Nagwamatse na Kwantagora. Suka huta, suka sha ruwanku, suka yi ƙiba, sannan suka nufo mu. Mutanen Bebeji suka rufe ƙofa suka ce ba a wucewa. Harsashin igwa ya faɗa wa ƙofar, Sarkin Bebeji da manyan mutanensa da ke tsaye a bayanta suka rasu nan take. Kwana biyu bayan haka, ranar 3 ga Fabrairu, aka shiga birnin Kano. Na san abin da ke bakinka: ai Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Haka ne. Amma wanda ya yi musu masauki ma bai ci riba ba, tuɓe shi suka yi, ƙarshenta Lokoja ce ta haɗa naku da namu.

In ka sauka a Bebeji, ka nemi dattawa su nuna maka inda ƙofar take, sannan ka leƙa tsohon Masallacin Haɓe, wanda yake cikin jerin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta amince a adana. Akwai ɗan'uwansa a cikin jerin nan, a Maigana, cikin ƙasarku. In ka taɓa taka ƙofarsa, na yarda ka karɓi hulata. A Bebejin nan kuma aka haifi Alhassan Ɗantata, bafataken goro kuma sarkin cinikin gyaɗa, wanda ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin attajiran da ba su da na biyu a Afirka ta Yamma. Ƙauyenmu ke nan fa, ba birnin ba.

Sai Tiga. Ku da kuke kiran Kubanni kogi ba tare da kun ji kunya ba, ina tsoron kai ka can kada ka zaci teku ne ka fara neman jirgin Jidda. Gwamna Audu Baƙo ne ya datse Kogin Kano a farkon shekarun 1970, aikin ya kammala a 1974, kuma ruwan da madatsar ke iya riƙewa ya doshi kubik mita biliyan 2. Ka hau dutsen da otal ɗin Rock Castle yake a kai da la'asar sakaliya. Otal ɗin ya ga jiya ya ga yau, amma abin da ido ke hangowa daga can bai tsufa ba: ruwa shimfiɗe har inda gani ya ƙare, duwatsu sun leƙo daga cikinsa, masunta na tuƙa kwale-kwale suna duba komarsu. Kusa da nan akwai tafkin Bagauda, mai sunan sarkin Kano na farko. Otal ɗin da ke bakinsa, inda a da ake zuwa hutun ƙarshen mako, yanzu makarantar horar da lauyoyi ce. Ka iya bakinka a wajen, don yaran suna neman wanda za su gwada karatunsu a kansa.

Ka ce ba mu da lambuna. In lambu a wajenka shi ne fure a bayan waya da kujerar siminti da mai karɓar kuɗin shiga, to je ka Gidan Zu, ga shi nan bayan Gyadi-Gyadi. Ni a wajena lambun Kano na gaskiya shi ne wanda ruwan Tiga ya haifa a Kadawa da Garun Malam da Kura da Bunkure. Ruwan da kansa yake gangarowa ta manyan magudanai, ba injin da ke tura shi, ya rarrabu cikin ƙanana har ya shiga fangali. Ka zo a watan Janairu, lokacin da hunturu ya busar da ko'ina, ka ga alkama kore shar, ga albasa, ga masara, ga tumatir ya nuna jawur. A Kwanar Gafan ake jera kwandunansa ana loda wa manyan motoci zuwa Legas. A Kadawa ne ma Aliko, tattaɓa-kunnen Ɗantatan nan na Bebeji, ya buɗe masana'antar tumatir a 2016, duk da dai tana yi tana hutawa.

Ba zan ɓoye maka ba, wannan koren da kuɗinsa, kuma ba mu muka biya ba. Ruwan da aka tare a Tiga, da na Challawa da aka datse a 1992, shi ne wanda a da yake malala fadamun Haɗeja da Nguru duk damina. Masunta da manoman can sun ji a jikinsu, ga kacalla ta toshe musu hanyoyin ruwa. Wannan magana ce tsakaninmu da su, kada ka tsoma baki.

Kura kuwa, kai shinkafa kawai ka sani da ita. Rawanin nan baƙi mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa har shunin ya kama musu fuska, ɗan Kura ake ce masa, a marinar garin ake rina shi, a mabuga a buge shi har ya yi ƙyalli, a kai shi Agadas da gaba da nan. Karofin sun ragu ƙwarai, masu aikin sun manyanta, kuma a nan har mu mutanen Unguwa Uku ba mu da bakin yi maka dariya: yaranmu sun san hanyar Dubai a waya, ba su san hanyar marinar Kura ba, alhali motar garin a ƙofar gidanmu take lodi. Rano da duwatsun Rurum ma haka muka bar su, ga ta ɗaya daga cikin Hausa Bakwai. Dajin Falgore da tsaunukan Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ba zan kai ka ba sai mun tambayi lafiyar hanya, kuma da rana tsaka. Ba don ina tausayinka ba, don in aka ɗauke ka ni za a ce in biya.

Idan an wuce Karfi, ka sayi masararka ka riƙe, a Kwanar Dawaki za mu ratse zuwa Dutsen Santolo. Nan ne garin da ya gagari sarakunan Kano har zamanin Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya ci shi bayan Wangarawa sun zo daga Mali da Musulunci sun taya shi da addu'a. Ɗansa Kanajeji kuwa ku ya sa a gaba. Karon farko kun kore shi daga Turunku, wannan na ba ku. Da ya dawo, Sarkin Zazzau bai kwana duniya ba, Kanawa suka yi wata takwas a bakin Shika suna cin hatsinku. Yanzu za ka miƙe ka ce ai Amina ta karɓi haraji daga Kano. To, madalla. Amma ka fara koyon cewa "Amina ta zo", don muddin "Amina ya zo" kake faɗi, ba mu san wanda kake nufi ba.

Asabar mai zuwa ka ce wa direba ya ajiye ka a Kwanar Dangora, can zan tare ka. Ka biyo ta Makarfi ka ɗauro min rake dami guda da mazarƙwaila, gaisuwar ubangida. Man mota kai za ka sha, kifin Tiga kai za ka saya, don ba a taɓa jin Bakano ya yi yawon buɗe ido da aljihunsa ba. Ka haɗo da kuɗin sharar bara, har yau ba ka biya ba.