Baƙin Mai a Kwanon Kwaɗo

To, masu taɓe baki, na hango ku. Wai a rasa abin rubutu sai garejin ƙaramar hukuma, inda tifa da gireda ke kwana? Wai ruwan sama ai wanki yake yi? Gaskiyarka, Alhaji, wanki yake yi. Ka taɓa tambayar inda yake kai dauɗar?

Leƙa irin wannan gareji da rani. Bakanike na kwance ƙarƙashin motar shara, ya kwance noti, baƙin mai na tsiyaya cikin yankakkiyar jarka, rabi ciki rabi ƙasa. Can gefe matattun batura sun tsattsage, ga tulin yashi da kwalta, ga yaro da tiyo yana wanke bodin motar da ta yini kwasar bola. Haka ƙasa za ta yi ta sha har rani ya ƙare. Ran da ruwan farko ya sauka, sai ya kwashe duka ya miƙa wa lambatu, ita kuwa lambatu ba ta tace komai. A Kano, kwatocin birni da yawa a Jakara suke zubewa, Jakara ta gangara dam ɗin Wasai, a gaɓarta kuma ake noman latas da kabeji da alayyahu. Hajiya, ke da kika ce ba ruwanki da bakanike, a ci kwaɗo lafiya.

"Ai ɗan kaɗan ne." Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya na mota zai iya ɓata ruwa galan miliyan ɗaya. Kun ce Turawa akwai zuzutawa? To ku raba biyu, ku sha sauran.

Su ma can ba waliyyai ba ne, doka ce ta matse su. Sun yi dokar tsaftar ruwa a 1972, sai a 1987 suka shigar da ruwan sama mai bin titi cikinta sosai, a 1999 kuma aka ɗora wa ƙananan garuruwa wajibai shida. Na shidan ya fi ba ni dariya: hukuma ta gyara nata garejin. Wato mai cin tarar jama'a kan zubar da shara, shi ma a leƙa bayan katangarsa.

Na ji wani daga baya yana cewa babu kuɗi. Ranka ya daɗe, ba jirgin sama aka ce ka sayo ba. Rumfar kwano ce a kan wurin juye. Duro mai murfi a bisa dakalin siminti mai baki, don in ya yi yoyo ya tsaya nan. Dusar katako a barbaɗa inda mai ya zube, a share da tsintsiya, a bar tiyo ya huta. Mota kuma a wanke ta inda ruwan zai faɗa ramin da ke raba mai da ruwa, a riƙa yashe shi kafin damina.

In tsintsiyar ma sai an kafa mata kwamiti, ku faɗa mini ranar zama, zan zo da tawa.