Jiran Gida a Kano: Bar Ragon Alhaji Ya Nuna Maka Gari

Duk wanda yake son ya san Kano sani na haƙiƙa, to ya daina cigiyar ɗakin otal, ya jira watan Zulƙida. A lokacin ne maniyyata suke tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, a lokacin ne kuma ake samun gidan da Alhaji da Hajiya za su tafi tare, a kwashi yara a kai su wurin kaka, a bar rago ɗaure a turke, tantabaru a kan soro, kyanwa tana gadin ɗakin girki. Irin wannan gida yana bukatar mai jira na wata guda ko fiye, kuma galibi wani ƙane ko ɗan ɗan'uwa ake kirawo daga Zariya ko Damagaram ko zangon Kumasi. In kai aka kira, karɓi makulli hannu bibbiyu. A Turai abin har ya zama hanyar yawon duniya, domin kamfanin TrustedHousesitters da aka kafa a Biraiton ta Ingila a 2010 aikinsa ke nan, haɗa masu gida da baƙin da za su kwana kyauta su kula da kare ko kyanwa. Namu tsarin ya girmi kamfani, jagoranmu kuma har ƙaho gare shi. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, dabbar da aka bar maka amana ta fi kowane ɗan rakiya iya nuna gari, saboda cikinta ba ya hutu, kuma duk abin da cikin nan yake nema yana hannun mutanen unguwa.

Fara da neman Alhaji ya gabatar da kai kafin ya tashi: ga liman, ga mai unguwa, ga maƙwabcin dama da na hagu. Wannan ya raba ka da zargi, amma bai ba ka abin cewa ba. Matsalar baƙo ke nan a ko'ina, in ya gama "ina kwana" da "yaya iyali" sai bakinsa ya mutu. A nan rago yake fara aiki. Bayan la'asar ka je dakalin da dattawa suke zama, ka yi sallama, ka rage tsawo, ka ce, "Baba, don Allah ina ake samun dusa mai kyau a nan kusa? Ragon Alhaji ya ƙi cin wadda aka bari." Ka gama naka. Nan take majalisa za ta rabu mazhaba-mazhaba: masu cewa dusar masara ce take sa ƙiba, masu rantsuwa da ta alkama, da wani dattijo da zai ce duk ɓata kuɗi ne in ba a jiƙa masa kanwa ba. Kafin magariba ka san injin niƙa uku, ka san wanda yake cika kwano da wanda yake tauye shi, ka san wane ne ya taɓa kiwon ragon da sai da aka cire ƙyaure kafin ya fita. Da tarihin unguwa ka tambaya kai tsaye, da an ce maka sai wane ya zo. Tambayar dusa kuwa kowa malaminta ne, kuma wanda ya ba ka fatawa yau, gobe shi zai tare ka ya ji yadda ragon ya kwana.

Daga nan sai ka bi cikin dabbobin sau da ƙafa. Dusa tana wurin mai inji. Ƙasari yana gidan da ake koko ko fura, kuma tunda namiji ba ya faɗa wa gidan matan aure, dole ka yi abota da yaron da za ka riƙa aika, yaran unguwa kuwa su ne suka haddace kowane lungu da inda yake ɓullewa. Harawa da ƙowa suna wurin masu saida abincin dabbobi a bakin titi, kuma a 'yan shekarun nan da Babbar Sallah take faɗowa tsakanin ƙarshen bazara da farkon damina, harawar da aka tara tun kaka ta ja baya, don haka a kan dami guda za ka koyi ciniki irin na Kanawa. Geron tantabaru a kwano za ka auno shi a Kasuwar Rimi, amma ko sau ɗaya ka nemi dalilin zuwa Dawanau a hanyar Katsina, ka ga inda ake loda hatsi mota-mota zuwa Nijar da Chadi da kudancin Najeriya. Ranar da zuciyarka ta raya maka ragonka ya fi na kowa, hau A Daidaita Sahu ka tafi 'Yan Awaki a Unguwa Uku, ka ga balami da uda, ka dawo da ladabi. Tun da aka hana acaɓa a 2013 wannan keke mai ƙafa uku ne makarantar sanin hanya, kuma wanda ya rungumo damin harawa a cikinsa ba ya rasa abokin hira. Ruwan sha ma darasi ne, domin a unguwanni da yawa 'yan garuwa ne suke kawo shi a kura, sai ka san lokacin da suke wucewa da ranar da jarka take tsada.

Dabba tana kuma saita maka agogo daidai da na gari. Rago ba ya barin mai jiransa ya koma barci bayan asuba, ga shi kuwa Kano ta safe ita ce wadda ɗan otal ba ya gani: layin masu kwano a wurin mai ƙosai, karatun allo yana tashi daga zaure, 'yan kasuwa suna sauri su riga rana. In rana ta take, ka ja shi inuwa ka sake masa ruwa, kai ma ka kwanta, gari ma abin da yake yi ke nan in ya samu hali. Da yamma ka kama igiya ku zaga, amma idonka a ƙasa, don leda ita ce babbar abokiyar gabar tumakin birni. Suna haɗiye ta, ta cunkushe a tumbi, dabba ta yi ta ramewa tana ci. Kada kuma ƙauna ta sa ka zuba masa hatsi ya ci son ransa, kumburin ciki yana kashewa cikin dare guda. In ka ga ya daina tuƙa ko cikinsa ya yi tamtsan, kada ka tsaya gwajin maganin majalisa, nemi likitan dabbobi, akwai asibitinsu a Gwale. Su kuwa tantabaru za su hau da kai soro, inda unguwa take shimfiɗe a gabanka, sai dai kafin ka taka matakala ka ɗaga murya ka sanar za a hau sama, don matan maƙwabta su kimtsa. Wanda ya kiyaye wannan tun ranar farko, za a ce gidansu akwai manya.

Wani zai ce ai mai jiran gida zama aka ce ya yi, yawo cin amana ne. Maganar tana da nauyi, kuma ban yarda a yi wasa da ita ba. Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha yana cikin Buhari da Muslim, ya ishi duk wanda aka bar wa mai rai gargaɗi. Amma a duba irin yawon da nake nufi. Kusan dukkansa hidimar dabbar ce, kuma ita take yanka masa iyaka: ka ba ta na safe, dole ka dawo ruwan azahar, dole magariba ta same ka a gida. Ban da haka, abin da yake tsare gida a cikin birni shi ne idon maƙwabta. Gidan da mai jiransa ya kulle kansa ciki, ba wanda ya san fuskarsa, ko wani aka gani yana fita da talabijin sai a zaci shi ne baƙon. Wanda kuwa mai shayi ya san shi, mai kanti ya san shi, yara suna kiransa "kawun gidan Alhaji", in ya ce "Malam, zan leƙa Rimi, a sa min ido," ya bar masu gadi goma a bayansa ba tare da ya biya ko sisi ba.

Wani kuma zai ce, mutum ya zo Kano ya ƙare a dusa da kashin tumaki, ina Dala, ina Kurmi, ina Gidan Makama, ina marinar Ƙofar Mata? Duk suna nan, kowannensu safiya ɗaya ta ishe shi tsakanin abincin safe da ruwan azahar. Shawarata kawai ka jinkirta su zuwa mako na uku. Wanda ya hau Dala ranar da ya sauka, rufin kwano zai gani da hasumiyoyi. Wanda ya hau bayan ya sha zagaya da igiya a hannu zai nuna da yatsa ya ce ga Goron Dutse, ga inda Jakara ta bi, can ne Gwammaja inda gidan Malam Aminu Kano na Mumbayya yake, ga ragowar badalar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen farkon ƙarni na 12. Kasuwar Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499, tana da daɗin kallo, amma ta fi buɗe wa wanda ya shigo neman igiya da ƙararrawar wuyan rago, don shi mai saye ne, za a tura shi daga rumfa zuwa rumfa har ya ratsa ta. Ko Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo a 1851 ya zana taswirar birnin da sunayen unguwanninsa, makonni ya yi yana zaune a wani gida a wajen Dala.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne cewa unguwa ɗaya ba ita ce Kano ba. Gaskiya ne. Rayuwar Yakasai ko Mandawari daban take da ta Sabon Gari, wadda ta tashi bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 ta zama mazaunin mutanen kudu, daban kuma da ta Nassarawa mai dogayen katangu, inda maƙwabci yakan shekara bai ga maƙwabcinsa ba. In a can aka ba ka jira, mai yiwuwa kare za ka tarar maimakon rago, majalisarka kuwa benci ne na masu gadi da teburin mai shayi, kuma dabarar ba ta ci kamar yadda take ci a cikin badala. Sai dai shi ɗan garin da kake son koyi da shi, shi ma bai san Kano duka ba. Ya san unguwarsu ciki da bai, ya san hanyar kasuwarsa, da gidan surukansa, da inda ake gurasar da yake so, sauran kuwa tambaya yake yi. Saninsa daga ƙofar gida yake farawa ya yi ta faɗi, kuma irin wannan sanin ne jiran gida yake bayarwa. Kada kuma ka wahalar da kanka wajen ɓoye baƙuntarka, harshenka zai tona ka kafin ka gama gaisuwa, kuma ba abin kunya ba ne a garin da fatake suka cika. Agadasawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna, Fagge da ayarin raƙuma suke sauka a bayan ganuwa, duk mazaunin baƙi ne da suka zo da wata hidima, hidimar ta haɗa su da mutane.

Darasi mafi girma yana zuwa ranar 10 ga Zulhajji. Mahajjaci hadayarsa tana can, amma sau da yawa yakan bar sallahu a yanka ragon saboda yara da dangi. Zuciyarka za ta yi nauyi, wata guda kuna tare, kuma ba laifi ka nemi liman ko mahauci ya riƙe wuƙar kai ka riƙe ƙafa. Maƙwabta za su taya ka fiɗa, a soya kayan ciki a ranar, a rataye sauran ya kwana ya tsane. Washegari sai ka ɗauko takardar rabo da Hajiya ta bari, ko ka kira ta a waya tana Mina ta karanto maka, ka saurara da kyau, don babu taswirar Kano da ta kai wannan. Cinya ta kaka ce a Gwale, inda yara suke jira. Akwai kason surukai a Fagge, da na malamin da ya yi wa Alhaji saukar Alƙur'ani a Madabo, da na gwauruwar da ke ƙarshen lungu wadda ba a taɓa tsallake ta ba, da na almajiran tsangayar bayan gida. Kada ka aiki yaro, ɗauki kwanon da kanka. A kowane zaure za a ce, "Kai ne mai jiran gidan Alhaji? Sannu da ƙoƙari, yaya mahajjata?" a ba ka ruwa, a gaya maka yadda aka haɗa dangantaka tun daga kakanni, wani gidan ma a mayar maka da kwanon da nasu naman a ciki. Fatar kuma kada ka bari ta kwana ba gishiri. Ka tambayi inda Alhaji ya saba bayar da ita sadaka, in kuma ka samu sarari ka bi sawun masu tara fatu zuwa majemar Ƙofar Wambai, ka ga yadda ake jiƙa ta a jeme ta kafin ta isa hannun dukawa.