Yadda za ku riƙe abota a Gaya ba tare da unguwa ta sa muku rana ba

A Gaya labari ya fi kwale-kwale saurin ƙetare kogin Kwara. Ɗan kwaleji ya tsaya da 'yar ajinsu a bakin titi da hantsi, kafin azahar an ji a Malanville, kafin la'asar wata gwaggo a Kamba ta fara tambayar sadaki. Su kuwa bayin Allah lissafin jarrabawar BEPC suke bita. Abota ce mai kyau, ina son ta ɗore, don haka ku matso ku ji.

Kai yaro, fara da Babanta. Kada ka laɓe bayan katanga ka aika yaro ya kira ta, wannan aikin masu zance ne. Yi sallama a ƙofar gida da littafinka a hannu, ka durƙusa: "Baba, ina wuni? Na zo mu yi bitar darasi da ƙanwata." Ranar da Inna ta leƙo ta ce, "Kai, zo ka sayo mini gawayi," ka zama ɗan gida. Ruga da gudu, kuma ka dawo da canji cif.

Ke kuma ki kira shi Yaya gaban kowa, da ƙarfi. Ku shimfiɗa tabarma inda masu wucewa za su gan ku, ki zaunar da ƙanenki mai surutun nan a tsakiya. Duk abin da ya ji zai kai wa Inna kafin magariba, kuma abin da ake so ke nan. Ladansa gaɓar rake biyu.

Kyauta ita ce wurin zamewa. Muruci na dala ashirin, rake, biro, aron littafi, duk babu laifi. Garin giginya ne, ba wanda zai ɗaga kai don an ga muruci. Amma turare da atamfa daga kasuwar Malanville, a'a. Da aka rufe gadar da ke zuwa can bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 mutane suka koma ƙetarewa ta ruwa, saboda haka wanda ya sha wannan wahala ya kawo atamfa, gwaggo za ta lissafa ta cikin lefe, kuma da gaskiyarta.

WhatsApp ya tsaya kan hoton darasi, ya yi barci bayan isha'i.

Ku riƙa tsokanar juna. In kai Bagobiri ne ita Bazabarma, kakanni sun riga sun ba ku izini, har UNESCO ta sanya wasan taubasai na Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Ka ce mutanensu ba su iya tuwo ba, ta rama da zanen fuskar kakanka. Banda jikinta, banda talaucin gidansu.

Saura fada. Za ka zauna shan shayi, wani ya ce, "Ango, ina amarya?" Kada ka fusata, kada kuma ka yi murmushin nan da ke sa a ɗauka akwai wani abu, don ita ce za ta biya kuɗinsa a bakin mutane. Ka ce, "Ƙanwata ce," ka miƙa kofi. Abin da ta faɗa maka na gidansu, ko kukan da ta yi ranar da ta faɗi lissafi, ba ya zuwa fada ko da an kai shayi na uku. In wani ya taɓa sunanta, ka tsawata masa nan take, ko da ya girme ka.