Kiɗan da Ya Kashe Janareta

A Gombe in ka ce kana kiɗa, tambayar farko ita ce: fiyano ko kalangu? In ka ce kwamfuta, sai a dube ka da tausayi, a yi maka fatan samun aikin yi. Ni dai kwamfutar na zaɓa, wata laftof ta gwanjo da batirinta ya riga mu gidan gaskiya tun kafin ta shigo Najeriya. Ƙanen abokina, ɗalibi a Jami'ar Jihar Gombe, shi ya sa mini FL Studio, manhajar kamfanin Image-Line na Beljiyam da a da ake kira FruityLoops. Ya ce da ita Avicii ɗan Suwidin ya haɗa kiɗan da ya zaga duniya. Na ce to, shi Avicii kai biyu gare shi?

Darasin farko ya zo da sauƙi har na raina sana'ar. Kiɗan house, wanda su Frankie Knuckles suka yi renonsa a Chicago a farkon shekarun 1980, ƙashin bayansa bugu huɗu ne da ke maimaituwa ba fashi, bugu 120 zuwa 128 a minti. A allon akwai 'yan akwatuna goma sha shida a jere. Ka kunna na 1 da na 5 da na 9 da na 13, babbar ganga ta samu. Ka sa tafi a na 5 da na 13. Shi ke nan, ka zama makaɗi ba tare da ka gaji kowa ba.

Matsalar, a unguwarmu sai dare ya raba ake kawo wuta, abin sawa a kunnena kuma ɓari ɗaya ya mutu. Sai na jona sifikar falo. Dum, dum, dum, dum. Can na ji muryar Goggo daga ɗakinta tana a'uziyya, sannan ta ɗaga murya: "Wace marar tarbiyya ce ke daka a tsakar daren nan?" Da safe na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To da ka zuba gero ma, da an samu na kunu."

Na ɗauki aikin na kai wa Baffa, wanda a ƙuruciyarsa ya yi wa mahauta kiɗan kalangu. Ya kara kunne, ya lumshe ido, ya daɗe. Sannan ya ce, "Ɗan nan, yaushe za ta fara magana?" Na ce ai ta fara tun ɗazu. Ya girgiza kai. Shi kalangu, in ji shi, a hammata ake matse tsarkiyarsa a sassauta, murya ta hau ta sauka, har ya kira sunan mutum da na ubansa, mutumin ya sa hannu a aljihu. "Taka kuwa bebiya ce, sai dai ba ta gajiya." Na ji haushi, amma Baffa ya taɓo wurin. Na'ura ba ta makara, ba ta gaggawa, shi ya sa masu sana'ar ke ɓata dare suna karkatar da bugu kaɗan don ya yi kama da na hannun mutum.

Abin da na fi ji da shi shi ne faɗuwa. Ana tara kiɗa yana hawa, ƙananan ganguna na ƙara sauri, wata ƙara na tashi sama, sai a yi tsit na ɗan ƙiftawar ido, sannan komai ya rufto gaba ɗaya. A Turai a nan ne dubban mutane ke yin tsalle. Na ce in shirun daƙiƙa ɗaya na sa Bature tsalle, na daƙiƙa takwas zai sa Bagombe ya tashi sama. Na ba shi takwas cif.

Ranar bikin ƙanwar abokina a Jekadafari, na lallaɓa DJ da kuɗin lemo na miƙa masa filashi. Ya gama sa "Jaruma" ta Hamisu Breaker, fili ya cika maƙil, sai ya saki nawa. Mata suka tsaya suna laluben inda za su sa ƙafa. Wasu 'yan samari dai sun fara gyaɗa kai, ni kuma ina gefe ƙirjina na bugawa daidai da gangar. Kiɗa ya hau, ya hau, ya ƙara hawa. Sai tsit.

Daƙiƙa ɗaya, biyu. A ta uku wata mata ta ce, "An ɗauke!" Wani ya ce ai janareta ne, ga shi can yana ruri. Sai mai kayan sautin ya zabura daga kan benci, ido waje: "Waya ta haɗu! Kai, kashe, kashe kafin ta ƙone min amfilifaya!" Ina ɗaga hannu ina cewa a jira yana zuwa, yaron da ke gadin janareta ya riga ya murɗe makunni.

Sai da aka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, aka shinshina amfilifaya, aka ja igiyar janareta har yaron ya jiƙe da gumi. Da wuta ta dawo DJ ya saki Ado Gwanja, guɗa ta tashi, fili ya sake cika. Ya yafito ni, ya miƙo filashin da 'yan yatsu biyu, ya sassauta murya: "Oga, ka kai a duba maka. Akwai bairos a ciki."