Fomula Ba Ta San Suruki Ba

A Daɗin Kowa, ba ta Arewa24 ba, tamu ta Jos da ke kan hanyar Bukuru, da wuya ka ga matashin da bai rubuta "na iya kwamfuta" a takardar neman aiki ba. Satifiket na nan rataye a falo. Amma leƙa shagon buga takardu ranar da ma'ajin ƙungiya ya kawo lissafin ƙarshen shekara, ka sha kallo.

An buɗe Excel, an jera sunaye da kuɗi gida-gida, gwanin ban sha'awa. Da aka zo haɗa jimla sai gogan naka ya zaro waya, ya buɗe kalkuleta, ya hau dannawa yana motsa leɓe, ma'aji na karanto masa. Ana kan mutum na talatin da bakwai wani ya yi sallama. Aka amsa, aka tambayi sanyi, aka tambayi iyali, lissafi ya bi iska, aka koma farko. Tamkar mutum ya sayi keke napep sabo fil, ya yi masa lodi, sannan ya tura shi da hannu har Terminus.

Alhali abin da ake nema bai wuce =SUM(B2:B60) ba. Ka rubuta shi a gidan ƙarshe, shi ke nan. Ko lamba ɗaya ka canza a sama, jimla za ta gyara kanta. Don maganin wannan wahalar Dan Bricklin da Bob Frankston suka fito da VisiCalc a Amurka tun 1979, Excel ya biyo baya a 1985. A lokacin, yawancin masu danna kalkuletar nan ba a ma haife su ba.

Sai dai kada ka ce duk rashin sani ne. Wasu sun sani sarai. Kalkuleta a hannun ma'aji tana da kara, ta san manya, ta san "kuɗin mota" da "sauran ƙananan abubuwa" da ba a rubutawa. Fomula kuwa ba ta da ta ido. Gwada sa =IF(B2=0,"bai biya ba","ya biya") ka ja ta ƙasa. Nan take za ta manna wa shugaba "bai biya ba" a gaban sunansa, da harafi iri ɗaya da na mai shayi. Ba ruwanta da cewa shi ya ba da kujerun taro, ba ruwanta da cewa 'yarsa kake aure. Kwamitin masallaci, zumuntar mata a coci, uwar adashi, masu tara gudummawar biki, a nan dai kanmu haɗe yake: kowa na son tebur mai kyau, ba mai son tebur mai tona asiri. Shi ya sa za ka ji ana cewa, "Ranka ya daɗe, kwamfutar nan tana kuskure." Allah sarki, baiwar Allah.

Don haka 'yan ƙungiya, a taro na gaba kada tsarin takarda ya ruɗe ku. Ku ce a buɗe kwamfutar, a taɓa gidan jimla. In abin da ya fito a sama bai fara da alamar = ba, da hannu aka rubuta shi. Ku riƙe lemon, a sake lissafi kafin addu'ar tashi.