Boris Bai Iya Iyo Ba

Tun kafin in buɗe baki na hango ku kuna murmushi ƙasa-ƙasa. Wai yau mutumin nan zai yi mana karatu a kan ƙafar tirelar jirgin ruwa, mu da muke zaune tsakanin duwatsun Roni da rairayin Babura. Ga wani can daga Gwiwa yana cewa, "Malam, ko zafin bazara ne ya taɓa ka? Ina mu ina jirgin ruwa?" To Alhaji, gyara zama. In na gama, ka leƙa ƙarƙashin amalankenka, sannan mu ga wa zai yi wa wani dariya.

A Amurka, mai ɗan hali yakan ajiye ƙaramin jirginsa a gida kamar yadda kake ɗaure ragon layya. Ranar hutu ya ɗora shi a tirela, ya ja da mota, ya sheƙa gudu har bakin tafki, ya koma da baya ya tsoma tirelar cikin ruwa don jirgin ya sauka. A nan ake yin ta. Hob ɗin ƙafar ya ɗau zafi a hanya, iskar da ke cikinsa ta kumbura. Da ya ji ruwan sanyi sai iskar ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta gefen sil kamar yaro da leda a baki. Ruwa ya cakuɗe da giris, tsatsa ta kama boris, wata rana ana cikin tafiya ƙafa ta yi sallama da tirela. Abin ya dame su har suka ƙera murfi mai sifirin, irin su Bearing Buddy, da ke danne giris a ciki don kada ruwa ya sami ƙofa.

Na ji ka: "To Allah ya kyauta musu. Mu ina ruwanmu?" Ai kuwa ruwanku ne, har da yashinku. Wa ke tura amalanke cikin dam ɗin Ayuba a Kazaure don cika jarkoki? Wa ke shigar da shanu gindin kogin Gari ɗibar yashi, ruwa har cibiyar taya? Wa ke keta fadama da damina da lodin taki? Kuma ƙafar amalanken nan daga ina ta fito? Ba daga sama ba. Yawanci ragowar wata tsohuwar mota ce, mai yiwuwa Peugeot irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta gama bautar hanyar Kano zuwa Daura, maƙeri ya yanko ƙafafunta ya yi musu walda. Ta yi ritaya daga mota, kuka ba ta sabon aiki babu fansho, babu ko cokalin giris.

Mutumin Roni, wanda ba a kayar da shi a musu, ya ɗaga yatsa: "Ai shanu ba sa gudu, ina hob zai ɗau zafi?" Wannan kam ka ci, na ba ka. Bijiminka ba zai ƙona boris da gudu ba ko da kura ce ta biyo shi. Masu zuƙar ruwa saboda zafi su ne tirelar da tarakta ko mota ke ja, da Keke Napep mai tsunduma cikin kududdufi bayan doguwar tafiya. Su ya kamata su dakata ƙarfe ya huce kafin su shiga. Amma kada ka yi saurin tafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kai kuwa naka bangon ya daɗe da rushewa. Sil ɗinka ya bushe tun zamanin soja, murfin hob ya faɗi ka toshe da tsumma da gwangwanin madara. Ruwa ba sai an zuƙo shi ba, da sallama yake shiga. Yashi ya bi bayansa, su haɗu da giris su zama dutsen niƙa.

Kafin wani ya ce boris kayan masu mota ne, ba na talaka mai shanu ba, ga labari. Boris ɗin nan mai siffar mazurari da ke cikin ƙafafun motoci da tireloli da yawa, Henry Timken ne ya yi rajistar ƙirarsa a 1898. Sana'arsa kuwa ƙera keken doki a garin St. Louis. Wato don abin da dabba ke ja aka fara yin sa, mota daga baya ta zo ta ara. Gadonku ne, kuka bar wa direbobi kulawa da shi.

"Ni fa ina zuba masa baƙin mai," in ji Baba na Babura, yana shafa gemu. Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan ba kulawa ba ce, sadakar yalla ce. Baƙin mai ya riga ya gama aikinsa a inji, cike yake da garin ƙarfe da toka, ga shi ruwa-ruwa, kafin ka kai gona ya tsiyaye. Giris ake so, mai kauri, in da hali irin wanda ruwa ba ya wankewa. Kada kuma a gauraya iri biyu, don wasu ba sa ga maciji da juna, haɗuwarsu sai su saki jiki su narke.

Gwajin ba ya buƙatar takardar shaida daga kwalejin Hussaini Adamu. Ɗaga ƙafar da jak, ka tokare da kututture don kada ta danne ka. Juya taya ka kasa kunne: in ka ji gurnani kamar ana ɓarzar masara, boris na kuka. Kama ta sama da ƙasa ka girgiza: in tana kaɗa kai kamar mai jin kalangu, akwai magana. Buɗe murfi ka duba: giris da ya koma launin fura da nono ya sha ruwa, wanda ya yi ja ya ci tsatsa.

Daga nan sai ka zare fin, ka kwance noti, ka fito da boris na waje da na ciki, ka wanke su tas da kananzir, su bushe. In ka ga zanzana a jikinsu, ko ƙarfen ya yi shuɗi, sun gama yawo. Ka canza su tare da zoben da suke gudu a kai, don ba a kai amarya ɗakin da ke yoyo. Ka zuba giris a tafin hannu ka riƙa danna boris a kai har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Shafe-shafen sama irin na mai gaggawar zuwa biki ba ya wadatarwa. Sa sabon sil. Ɗaure noti kana juya taya har ya zauna, sannan ka ɗan sassauta, don ɗaurin huhun goro shi ma kisa ne. Ka mayar da fin na gaskiya. Na ce fin, Alhaji, ba lanƙwasasshiyar ƙusa ba. Sau ɗaya a shekara ya isa, da kaka, bayan damina ta gama ɓarnarta kuma kafin a fara jidar amfanin gona. Mai shiga ruwa kullum ya ƙara a kan haka.

Saura uzuri na ƙarshe, wanda na san kun ɓoye a aljihu: "Tun na babana ba a taɓa buɗe shi ba, kuma lafiya lau." Madalla. Haka kowane boris yake, lafiya lau, har ranar kasuwa. Ba ya mutuwa a ƙofar gida da rana tsaka. Sai ka yi lodin gero buhu goma, ka yi nisa da gari, magariba ta kawo kai, sannan taya ta kwanta. Shanu su juyo suna kallonka, masu wucewa suna "sannu Alhaji, Allah ya kiyaye gaba." A ranar za ka sayi boris, da hob, da ƙarfen da ya cinye, ka biya mai walda kuɗin babur, ka kwana gadin buhuna.

In na biyo ta hanyar a ranar, ba zan ce komai ba, ni mai kunya ne. Zan tsaya in taya ka sauke kaya, in tambaye ka a hankali: "Alhaji, ya jirgin ruwan?"